Gen-san Mai Rufa wa Bango Asiri

Shekara da shekaru ƙarar tsintsiyar Genzo Kitao ce take tashina, ba agogo ba. Gidansa yana manne da nawa a wani lungu na Nishijin, unguwar masaƙa ta Kyoto, kuma bangon da ya raba mu bai kai kaurin da zai ɓoye tarin tsoho ba. Yakan share ƙofarsa, ya zarce kamu guda cikin tawa, ya zarce kamu guda cikin ta maƙwabcinsa na hagu, ya tsaya cak. Haka aka koya mana. Wanda bai zarce ba marowaci ne, wanda ya wuce kamu guda kuwa yana nufin maƙwabcinsa ƙazami ne. Daga nan sai ya yayyafa ruwa, ya shiga ya ci shinkafa da miso, miyar waken suya, a tsaye, matarsa Harue tana mitar cewa ita dai ba ta taɓa jin tabarma ta ciji mutum ba. Ya ɗaura tawul a goshi, ya ɗora tsani da almakashin yankan kwanon rufi a ƙaramar motarsa ta kaya, ya fita neman inda aka yi ɓarna jiya. Neman ba ya ba shi wahala.

Gen-san, yadda duk unguwa ke kiransa da "san" ɗinmu na girmamawa, mai aikin kwano ne. Aikin indararo ya gada a wurin mahaifinsa, amma zamani ya sauya masa sana'a ba da shawararsa ba.

Gidajenmu na katako da laka ba a gina su don su tsaya su kaɗai ba. Kakanninmu sun jera su kafaɗa da kafaɗa, fuska ƙunci, ciki zurfi, rufi yana bin rufi har ƙarshen layi. Da yake babu inda magini zai sa ƙafa tsakanin gida da gida, daga ciki kawai yake yaɓe, bayan bangon kuwa a bar shi yadda yake, saƙar gora da laka tana leƙowa ta tsakani. Ba wanda ya damu, don ba a yi shi domin ido ko domin ruwa ba. Maƙwabcinka shi ne rigarka. Halinmu ma daga nan ya fito. Mutumin da yake jin faɗan maƙwabcinsa da matarsa dole ya koyi yin kamar bai ji ba, ya koyi sassauta murya, ya koyi kashe murhunsa da kyau tunda gobararsa ta layi ce gaba ɗaya. Baƙi suna cewa mutanen Kyoto ba a sanin cikinsu. Su zo su yi shekara a bayan bango irin namu, sai mu ga ko za su riƙa sakin baki yadda suka ga dama.

Sai aka shiga cire gidajen ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran tsoho. Iyaye su mutu, 'ya'ya suna Tokyo, kamfani ya taya, katafila ta shigo. Bayan kwana kaɗan ka ga filin ajiye motoci ko harsashin otal a inda ake jin bugun masaƙa. Gidan da aka rushe ya huta. Wanda aka bari a gefensa shi ne a wahale, don bangonsa da bai taɓa ganin rana ba ya tsaya tsirara a bainar jama'a, kuma ruwan Yuni ba ya jin kunyar laka. Damina ɗaya ta isa ta narkar da shi, ta ruɓar da ginshiƙi, masu duba gini su zo su ce a fita.

Wannan tsiraicin Gen-san ya ɗauki rufewa a kansa. Ya kafa katako a jikin bangon a hankali yadda lakar ba za ta zube ba, ya yanko kwano, ya jera daga ƙasa zuwa sama. Wasu ma suna yin haka. Abin da ya bambanta shi abu ne da ba wanda ya sa shi. Duk gidan da aka rushe yakan bar shatinsa a bangon maƙwabci: inda rufinsa ya gangaro, inda kunkunniyar madafinsa ta hau. Gen-san ba ya binne wannan shati. Yakan auna gangaren rufin da ya tafi, ya ninke kwanon daidai kansa, ninki mai tudu, yadda idan rana ta karkata sai inuwa ta zana rufin a jikin ƙarfe. Ku bi lungunan Nishijin kuna ɗaga kai, za ku ga gidajen da babu su suna jingine da waɗanda suka rage.

Kai ne mai suturar marasa gata, Gen-san. Kai ne ka ƙi yarda a ce gida ya tafi kamar ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba.

Wanda ya fi kowa yi masa tsiya a kan wannan ninki shi ne Noboru Yasui, direban katafilar da ta ci rabin unguwarmu. Ɗan unguwa ne, ƙanen ajin Gen-san a firamare, mutum mai faɗin baki da ƙaramin wuya. Sau da yawa suna haɗuwa a fili ɗaya, wannan yana kwashe ɓaraguzai, wancan yana kafa tsani.

"Likita ya iso," in ji Yasui daga kan kujerarsa. "Ni in yanka, kai ka ɗinke. Ya kamata ka riƙa aiko min da tukwici, Gen-san, ba don ni ba da yunwa ta kashe ka."

"Ka matsa da wannan jakin naka, yana girgiza min laka."

"Wai wannan zanen da kake yi, wa yake kallo? Masu ajiye mota?"

"Ba da kai nake ba."

Wata shekara yayyen Yasui suka sayar da gidan mahaifinsu, kamfanin da ya saya kuma ya ba wa ubangidan Yasui kwangilar rushewa. Yasui ya ce shi zai yi, ba zai bar wani ya taɓa ba. Ya gama a yini biyu. Gen-san ya zo ya rufe bangon maƙwabta, ya ninke rufin yadda ya saba, har da ɗan tudun tagar hayaƙi da ke saman madafin uwar Yasui. Mai sayar da tofu, wato awara, a bakin layin ta shaida min cewa tun daga lokacin, duk ranar da aiki ya kawo Yasui kusa, a wannan filin da ya koma wurin ajiye motoci yake cin abincin rana, zaune a kan dakalin siminti yana fuskantar bangon. Tsiyar dai bai daina ba, amma bai sake tambayar wa yake kallo ba.

Bara Gen-san ya cika saba'in da takwas. Kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa sama da kunne, jiri kuma yana ɗibarsa idan ya daɗe a kan tsani. Bangon da a da yake gamawa cikin mako ya koma cin wata guda. Likita ya ce ya sauka haka nan. Ya ce to, irin "to" ɗin da muke yi wa likitoci.

A watan Mayu aka rushe gidan da ke hagunsa. Ya san da zuwan abin, ya riga ya yanke kwanon bangonsa ya jingine a shago. A cikin makon kuma katafila ta cinye gidan da ke manne da na Sumie Odagiri, layi biyu daga namu. Gwauruwar masaƙi ce mai shekara tamanin da huɗu, har yanzu tana naɗa wa masu saƙar ɗamarar kimono, rigarmu ta gargajiya, zaren alharini. A gidan aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya mutu. Ɗaya gefen nata an daɗe da cirewa, Gen-san ne ya rufe shi. Yanzu gidan ya rage shi kaɗai a tsaye. Ɗanta da ke Yokohama ya riga ya nema mata ɗaki a gidan tsofaffi, ya kuma faɗa mata a waya cewa ranar da bangon nan ya jiƙe maganar ta ƙare. Ta nemi kamfanonin gini, duk suka ce ma'aikatansu suna kan otal-otal, sai bayan damina.

Bango biyu tsirara, ruwa saura makonni, mutum ɗaya da ƙarfin bango ɗaya ya rage a jikinsa.

Sumie-san ba ta roƙe shi ba. Ba a yin haka a nan. Ta dai biyo ta ƙofar shagonsa da sandarta, ta tsaya tana duban kwanon da ke jingine.

"Gen-san, an ce kai ma iska ta samu hanya a gidanka."

"Ta samu. Naki fa?"

"Ai ni na ji daɗi. Shekara sittin ban san hasken safe yana da yawa haka ba." Ta ɗan rusuna. "Ka gaida Harue-san. Ka kula da kafaɗar nan."

Ta wuce. Ya daɗe yana kallon bayanta.

Abin da ya biyo baya ta bango na ji shi, kuma yau ne karo na farko da na karya ƙa'idar yin kamar ban ji ba. Da izininsu. Muryar Harue ce ta fara.

"Baban yara, kwanon nan na ga kana lodawa a mota. Ina za shi?"

"Gidan Odagiri. Tsayin ya kusa zama ɗaya, ɗan gyara ne."

"Namu kuma fa? Za ka ce wa ruwa ya dakata?"

"Zan ja tamfol. Idan na gama can sai in dawo nan."

"Da wace kafaɗar? Shekara hamsin ina wanke maka riga, na san abin da ya rage a cikinta. Kowa ya san inda ɗakinsa yake yoyo, kai ne kawai kake sanin na mutane."

"Mu biyu ne, Harue. Ko ina aka kai mu, mu biyu ne. Ita idan aka fitar da ita daga gidan nan ba za ta ga sabuwar shekara ba."

Can na ji ta ce, "Ka tafi da hular ƙarfen. Ba na son in yi takaba saboda bangon wata."

Ya ja shuɗin tamfol a bangonsa, ni da mai tofu muka riƙe masa igiya. Sannan ya koma gidan Sumie-san ya kafa tsani. Waɗanda suka gani sun ce abin ba daɗin kallo. Da hagu yake buga ƙusa, yana tallafe gwiwar hannun da ta dama. Idan jiri ya zo sai ya rungume tsanin ya kifa goshi a jikin katako har ya wuce. Ma'aikatan otal ɗin da za a gina a filin suna jira ya kauce su kafa nasu ƙarafan, shugabansu yana zuwa kullum cikin ladabi yana duban agogo. Sumie-san takan fito da shayi mai sanyi ta ajiye a gindin tsani. Ran nan ta haɗa da shugaban.

"An ce hawa bakwai za ku yi," ta ce masa. "Sannunku. Ashe zan huta da shanya."

Yayyafi ya fara kafin ya kai rabi. Harue ta zo da kanta da lema ta tsaya a ƙasa tana miƙa masa ƙusa, tana zaginsa a hankali yadda mutanen titi ba za su ji ba. Da ya kai gangaren rufin da aka rushe, kowa ya ɗauka wannan karon zai tsallake ninkin, tunda otal zai tashi ya rufe bangon, ba mai sake ganinsa. Yasui ma, da ya zo wucewa, sai da ya tsaya.

"Gen-san, ka bar kwalliyar nan ka je ka ceci gidanka. Taƙi ɗaya za a bari tsakaninsa da siminti. Ko ɓera sai ya yi azumi zai shiga ya gani."

"Gidan Morishita ne," in ji Gen-san, bai waiwayo ba. "Tsohuwarsu ce ta yi min wankan jariri."

Ninkin ya ci masa kwanaki. Ni da nake rubuta wannan na yi fushi da shi a lokacin, kuma har yau ban gama hucewa ba. Amma ban san yadda zan yaba wa mutum a kan hali ba, sannan in ce ya ajiye halin ranar da ya yi tsada.

Ya gama bangon Sumie-san ruwa yana sauka sosai. Ya dawo gida ya kwanta, hannun ko cokali ba ya riƙewa. Ruwan bara kuwa kowa ya san yadda ya yi, ya kama bai saki ba. Wata rana da hantsi iska ta yage tamfol ɗin daga sama. Muka fita mu uku, ni da mai tofu da Harue, duk tsofaffi, muna jan igiya kamar masu wasan yara. Kafin la'asar na ji wani sauti ta cikin bango, mai taushi, kamar an sauke buhun gari. Bangon hagun gidan Kitao ne ya zauna. Harue ta buɗe ma'ajiyar shimfiɗa ta tarar da laka har gwiwa, ana hango filin waje ta tsakanin gora. Gidan ya karkata ya jingina da nawa, ƙofofina suka daina rufuwa. Masu duba gini suka zo, suka yi ta ba da haƙuri, suka ce ba a kwana a ciki.

Yasui ne ya rushe shi. Ya ce ba zai bar wani yaro da bai san gidan ba ya taɓa bangona. Ya cire shi a hankali kamar mai ɓare ƙwai, Gen-san yana tsaye a ƙofata yana kallo daga farko har ƙarshe. Harue ba ta zo ba.

Yanzu suna hawa na tara a wani dogon bene can kudancin tashar jirgi. Ƙofar ƙarfe ce, bangon siminti, ba ka jin kowa, ba mai jin ka. Makon farko ya fito da tsintsiya ya share gaban ƙofarsa, ya zarce kamu guda dama da hagu. Mai kula da benen ya zo ya rusuna ya ce akwai kamfanin shara, kuma doka ta hana ajiye tsintsiya a baranda. Har yau bai san sunan wanda ke ɗakin gefensa ba.

Bangona kuwa ya zama shi ne tsirara. Kamfanin da ya sayi filin Kitao ya turo ma'aikata, suka rufe shi a yini ɗaya da farin kwano mai santsi. Aiki mai kyau, ba yoyo. Na nuna wa shugabansu shatin rufin Gen-san kafin su rufe, na ce ko za a ninke. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin sha'awa ne, amma ba ya cikin aikin da aka ba su. Mutumin da ya bar wa gidajen unguwa alama, gidansa ya tafi ba alama.

Ina cikin wannan baƙin cikin sai ga Yasui da tsani a kafaɗa da gwangwanin jan fenti irin wanda suke shafa wa gidan da za a rushe. Bai gaishe ni ba. Ya hau yana huci, ya ja layin rufin Gen-san daga sama ya gangaro, har da tudun tagar hayaƙi, ya sauko ya ja baya ya duba, ya tofar da yawu ya tafi.

Na aika wa Gen-san. Ya zo a bas da hannu rataye a wuya, Yasui kuma ya yi kamar wucewa yake yi. Tsohon ya tsaya a kan tsakuwar da a da ɗakin cin abincinsa ne, ya ɗaga kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani ɗan iska," in ji Yasui.

"Ya karkace."

"Gidan naka ai a karkace yake, Gen-san. Duk unguwa ta sani, kunya ce ta hana a faɗa maka."

"Tagar hayaƙi ba a nan take ba. Ta fi kusa da titi."

"To hau ka gyara mana."

Gen-san ya dubi tsanin, ya dubi hannunsa. Yasui ya cire hularsa yana goge ido da ita, wai ƙura.

Sumie-san tana nan a gidanta. Otal ya tashi ya rufe ninkin kamar yadda aka faɗa, hasken safen da ta yaba ya tafi, amma bangonta a bushe yake, tana naɗa zarenta, ta kuma ga sabuwar shekara. Kullum tana share ƙofarta, ta zarce kamu guda cikin dakalin otal, masu gadi suna kallonta ba su san me take yi ba.

Kai ne ka saya mata wannan, Gen-san, kuma duk mun ga abin da ka biya. Kai ne ka tufatar da gidajen mutane ka bar naka a ruwa. Ba a ba ka lambar yabo ba, masu zuwa ɗaukar hoton tsofaffin layukanmu ba su san sunanka ba, ba su kuma san cewa da yawan abin da suke ɗauka hannunka ne ya hana shi narkewa ba. Mu mun sani. Mun gode, da mu da waɗanda suka tashi, da waɗanda rufinsu kaɗai ya rage a jikin kwano. Harue-san, ke ma mun gode, lemar da zagin duka.

Ku kuma masu ƙuruciya da lafiyar kafaɗa, ba na ce ku hana katafila ba, ta fi ƙarfinmu. Cewa nake, idan an tuɓe maƙwabcinku kada ku wuce kamar ba ku gani ba. Almakashin Gen-san yana nan a naɗe cikin tawul a hawa na tara, ya ƙi sayarwa, yana shafa masa mai duk mako. Hannu ne ya mutu, ido da baki suna aiki. Wani ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen nan ya ce a koya masa ninki. Ku yi sauri. Jan layin da ke bangona ruwan bana ya fara cinsa, kuma Yasui ya faɗa min cewa ranar Litinin yana da aiki a layin bayanmu.